Ranar da Muka Sauke Mangwaron Mama

Ni dai ban taɓa cewa na iya sare bishiya ba. Abin da na ce shi ne na iya hawa, wannan ɗin ma mangwaron mutane nake nufi, lokacin da masu shi ba sa gida. Amma da abin ya tashi, duk gidan ni aka juyo ana kallo.

A shekarun nan ina kwandasta ne a bas, daga unguwar Television zuwa cikin gari, mu dawo. Makaranta na kai fom tu muka rabu lafiya, ita ba ta neme ni ba, ni ma ban neme ta ba. Ina haya a ɗaki ɗaya a unguwar Nasarawa, gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Mama. Daga kudancin jiha suka zo da mijinta, ya yi aikin masaƙa a Kakuri har ya rasu. Ɗan abin da aka ba ta na sallamarsa ta sayi injin markaɗe da shi. Wannan injin ke ciyar da ita da jikokinta uku. Kuma zamani ne da kaya suka ɓace a kasuwa, ko bel ɗin inji kake nema sai ka san wanda ya san wani. In ya fashe, ya fashe ke nan.

Injin yana cikin wata rumfar kwano a bayan gida, a gefen ɗan lambunta. Lambun nan in ka jera bas biyu sun cika shi. Hannun dama rumfar inji, hannun hagu katangar gidan Alhaji maƙwabcinmu, gaba ɗakin Mama, baya nawa ɗakin. A tsakiya mangwaro ya zauna kamar shi ya sayi filin, ƙarƙashinsa yakuwa da barkono da lalo.

Wata Juma'a da la'asar aka yi ruwa da iska irin na farkon damina. Da na dawo aiki na tarar Mama tsaye a bakin lambu, hannu a ƙugu, ba ta ko amsa sannuna ba. Iska ta tsaga mangwaron daga inda ya rabu biyu, tsagar ta gangaro har kusan tsayin ƙirjina. Babban reshen ya kwanto a kan rumfar inji, bai faɗi ba, bai kuma tsaya ba, ganyensa na share kwanon. In iska ta ɗan motsa sai ka ji yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ɗauke injin kuwa ba zai yiwu ba, a cikin siminti aka dasa shi, kuma babu mai shiga ƙarƙashin reshen nan ya zauna kwance ƙusa.

"Mama, kar ki damu," na ce. "Gobe kafin ki gama shan koko an gama."

"Kai da ko bokitinka ba ka iya ɗaukewa daga bakin famfo," in ji ta.

Washegari ta faɗo Asabar ɗin tsabtace gari, wadda mota ba ta fita sai rana ta ɗaga. Sai na je na jawo Oga, direbanmu, ya zo da igiyar jan mota a kafaɗa. Na aro gatari da adda, na sa tabarau, na sa takalmina mai tsini, don na san 'yan matan layi za su leƙo. Ina cikin tofa yawu a hannu sai ga Baba. Baba maigadi ne a wani shago, shi ma ɗan haya ne a gidan, amma da ƙuruciyarsa hawan kwakwa yake yi a ƙauyensu, har gwiwa ta hana shi.

"Me za ka yi da wannan?" ya tambaye ni.

"Zan sare shi daga gindi, Baba. In ya fara tafiya kowa ya kama gabansa."

"Ina zai faɗi?"

"Ƙasa mana."

Oga ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba bai yi ba. Ya kama hannun rigata ya zagaya da ni kamar akuya. "In ya yi nan, inji. In ya yi nan, katangar Alhaji. In ya yi nan, ɗakin Mama. In kuma ya yi nan, ɗakin wa?"

A nan na fara sauraro da kyau, don katifata sabuwa ce.

"Wuri irin wannan ba a kayar da bishiya, ɗana," ya ce. "Sauke ta ake yi. Kai ba kwandasta ba ne? In an loda buhuna a saman mota, kifar da motar kake yi don a sauke su?"

"Ɗaya-ɗaya ake saukewa."

"To, ashe akwai ɗan abu a kan nan naka."

Daga nan Baba ya zama soja. Ya kori yara da masu kallo har bakin titi. Ya sa aka kwashe kaji, aka ɗauke duk wani bokiti da tukunya daga lungu, don in gudu ya kama kada wani ya yi tuntuɓe. Ya ja layi da sanda a ƙasa ya ce duk wanda ya tsallake ina sama, shi da shi ne. Ya sa na cire takalmin, ya karɓe tabarau ya sa a aljihunsa. Sannan ya ɗaura mini igiya a ƙugu, wani irin ƙulli da ban taɓa gani ba, ya ce da na hau in ɗaure ɗaya bakin a ɓangaren da bai tsage ba kafin in taɓa adda.

"Baba, ni da nake lilo a ƙofar bas da hannu ɗaya?"

"Bas tana da ƙasa kusa. Ɗaura."

Har na ɗora ƙafa sai Mama ta ce in dakata. Na manta da abin da ko yaro a layin ya sani: namiji ba ya hawa sama a gefen gidan Alhaji sai an sanar, don matan gidan ba sa fita, kuma daga kan mangwaron nan har murhunsu ana gani. Alhaji kuwa ya bi motar albasa zuwa kudu, sai wani makon. Mama ta jawo turmi ta kife, ta hau, ta leƙa kan katanga.

"Salamu alaikum, Hajiya. An tashi lafiya? Ya ruwan jiya? Ya yara? An ji labarin Alhaji?"

Sai da suka gaisa har kan akuyar da ta haihu, sannan Mama ta faɗi abin da ya kawo ta. Muryar Hajiya kawai muke ji. Ta ce ai tun jiya take jin kukan reshen, ga wakenta na alale a jiƙe ba inda za ta kai. Ta ce za su shiga ɗaki, a sanar kawai.

Sanarwa kuwa aikina ce. Na cika ƙirji na ce, "Za a hau sama, za a hau sama, saura mutum ɗaya, za a hau sama!"

"Ba fasinja kake kira ba," in ji Mama.

Na hau, na ɗaure kaina kamar yadda aka ce. Jajayen tururuwan mangwaro suka yi mini maraba ta ƙafar wando, na yi musu rawar da ban taɓa yi a biki ba, Oga yana tafa mini daga ƙasa. Baba ya sa na fara da ƙananan rassa na can sama, don a rage wa bishiyar nauyi. Kowanne sai na fara ɗan sara shi ta ƙasa, sannan ta sama, don kada ya ɓare ya tafi da ɓawo ya ja ni. Mai ɗan nauyi a ɗaure shi a zura shi a hankali. Kafin hantsi ya yi zafi mangwaron ya koma kamar wanda wanzami ya fara yi wa aski aka kira shi.

Saura babban reshen. Baba ya sa na ratsa igiyar Oga ta kan wata gwafa mai lafiya a sama da shi, na ɗaure reshen, ɗaya bakin kuma aka naɗe shi sau biyu a gindin bishiyar, ƙasa da tsagar, Oga da 'yan haya biyu suka riƙe daga bakin lungu. Da wannan ko an yanke ba zai faɗo ba, sai dai a zura shi. Sai Baba ya tsaya yana kallon sama yana sosa gemu.

"In muka zura shi a haka, kan rumfar zai zauna," ya ce. "Sai an sa wata igiyar an jawo shi gefe, wajen katanga. Mai jan kuma ba zai tsaya a lambun nan ba, a kansa zai sauka. Sai daga can ciki."

Can ciki, wato tsakar gidan Alhaji, inda ko mai gyaran wuta ba ya shiga sai maigida na nan. Ni da ke sama na riga kowa ganin abin da ke tafe: gabas ta fara yin baƙi. Na faɗa musu. Mama ta kalli rumfarta, ta kalli gabas, ta zauna a kan turmin.

Ashe Hajiya tana jin komai ta taga.

"Mama," ta kira. "Maza dai ba za su shigo ba, kin sani. Amma igiyar ce ta ce sai namiji? Ku wurgo ta."

Ta lissafa mana rundunarta: ita, ƙanwarta, matan 'ya'yanta biyu, 'yan matan gidan, da wasu maƙwabta da suka shigo daka. Ta ce a ɗaura igiyar rijiyarsu, ta fi tamu tsawo. Sharaɗi biyu ta kafa. Wanda ke sama ya juya musu baya, kada ya waiwayo. Kuma kada ya yi musu magana, duk abin da ake so Mama ta faɗa.

"Kin ji wanda aka ce kada ya yi magana," Oga ya ce wa Mama. "A mota ko barci yake yi bakinsa na kiran Kakuri."

Baba ya matsar da Mama da turminta can kusurwa, inda reshe ba zai kai ba. Ya ce gunduwa uku za a yi, daga bakin reshen zuwa gindinsa. Na juya wa gidan Alhaji baya, wuyana na ƙaiƙayi kamar an zuba masa barkono.

Gunduwar farko ta sauka lafiya, sai dai ta ci mana rai. Ni in gaya wa Baba, Baba ya gaya wa Mama, Mama kuma ba ta iya ba Hajiya umarni haka gatsau. Sai ka ji, "Hajiya, sannunku da aiki, don Allah in ba takura, wai ko za a ɗan taɓa ja." Kafin saƙon ya isa hannuna ya gama mutuwa. In an zo tsayawa kuma, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, wai ya isa haka nan." Ga hadari yana matsowa.

Baba ya shiga ɗakinsa neman zarto. Ni kuma sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum in babba ya ba da baya.

"Oga," na ce, "mu da muke da yarenmu na mota, me ya kai mu wannan dogon turanci? Bugu biyu a tafi, bugu ɗaya a tsaya. Ba magana, ba kallo. Ko Alhaji ba zai ce an karya doka ba."

"Yaron nan wani lokaci kamar mai hankali," in ji Oga. "Duk duniya babu tsarin da ya kai wannan."

Mama ta isar da saƙo: in sun ji an buga jikin bishiya sau biyu su ja, in sau ɗaya su tsaya. Hajiya ta ce sun gane. Na gyara zama ina jin kaina kamar injiniya. Na ɗaga adda don in fara saran ƙasa na gunduwa ta biyu. Kaf. Kaf.

Ban san mata tara masu daka kullum haka suke ba. Ko kashi ɗaya cikin goma na reshen ban sara ba, suka ɗauke shi gaba ɗaya. Bishiyar ta yi wata girgiza, tsagar ta yi ƙara, ƙafata ta bar inda take. Addar ta suɓuce ta tafi ta cake a cikin yakuwa, daidai inda Oga yake tsaye da safe kafin a ja layi. Ni kuma na tafi. Igiyar ƙugu ta cafke ni, na yi lilo, na juya kamar kifin da aka rataye, na tsaya fuskata na kallon tsakar gidan Alhaji sosai.

Abin da na gani a gidan? Ban ga komai ba. Tun da ƙafata ta zame na runtse ido, kuma ko da kuɗi ba a isa a buɗe shi ba. Ina jin Oga yana ihun a taka birki, kamar matan suna da shi. Ina jin Mama, karo na farko a rayuwarta ba sallama ba sannu, ta ce, "Ku tsaya!" Ina jin ɓawon itace na zuba a kan kwanon rumfa.

Sai muryar Baba, a kwance kamar yana tambayar farashin goro. "Kada su saki gaba ɗaya, Mama. Su sassauta kaɗan-kaɗan. Ku kuma ku riƙe taku." Reshen ya koma mazauninsa yana gurnani. Bai faɗi ba.

"Kai kuma ka gama lilon?" ya ce mini.

"Baba, ina raye?"

"Bakinka dai yana raye. Miƙa ƙafar dama, akwai reshe. A'a, ɗaya damar taka. Yawwa. Kama da hannu. Juya bayanka. To buɗe ido."

Da na zauna daidai ya tambayi wanda ya kawo wannan tsari. Na nuna Oga, Oga ya nuna ni.

"Mutum yana sara da adda, ya ce in an ji bugu a ja," Baba ya ce. Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya. "Kuma ku ne kuke ɗaukar rayukan mutane a mota."

Daga can bayan katanga dariya ta tashi, irin wadda ake toshe baki da mayafi amma ta ƙi tsayuwa. Ni ma sai ta kama ni, ina rungume da bishiya, ina dariya har hawaye.

Baba ya aiko mini zarto ta igiya. Ya ce daga yanzu baki ɗaya ne ke ba da umarni, nasa. Mama kuma kalma biyu kacal aka yarda mata, "ku ja" da "ku tsaya". Mama ta ce ita ba a yi mata tarbiyyar yi wa Hajiya magana kamar 'yar aikinta ba.

"Mama, bar gaisuwar nan," in ji Hajiya. "Mun yafe. Ma gaisa da yamma, har da ta jiya."

Gunduwa ta biyu ta sauka kamar jariri. Ta uku ita ce uwar, kaurinta ya kai cikin Oga, kuma ita ce daidai saman injin. Iska ta fara kaɗawa, mai sanyin nan da ke zuwa gaban ruwa. Na yanka ta ƙasa har Baba ya ce ya isa. Na koma ta sama. Garin katako na shiga mini hanci. Da ya rage kaɗan Baba ya sa na matsa bayan gwafa, na miƙo hannu daga can na ƙarasa.

Reshen ya rabu. Igiyar Oga ta miƙe har tana ƙara, gindin bishiyar ya riƙe. Gunduwar ta tsaya a iska tana juyi a hankali, inuwarta a kan rumfa.

"Ku ja," in ji Baba.

"Ku ja," in ji Mama.

Ta fara tafiya gefe. Ina kallonta tana wuce kwano ɗaya, ta wuce na biyu. A bakin rumfar wani ɗan kututture da na bari a jikinta ya kama gefen kwanon ya ɗaga shi. Mama ta dafe kai.

"Ku ƙara," in ji Baba.

"Ku ƙara, Hajiya, don girman Allah ku ƙara."

Kwanon ya lanƙwashe, ya sake ta. Ta fita fili.

"Ku tsaya," in ji Baba. "Oga, zura. A hankali, ba fasinja kake saukewa a kan gada ba."

Ta sauka a tsakiyar barkonon Mama, ta kwanta, ko ƙara ba ta yi ba. Sai guɗa ta tashi daga gidan Alhaji, mata tara a lokaci guda. Mama ta diro daga kan turmi tana juyi da zani a hannu, tana waƙar cocinsu da yarensu, Oga yana buga mata bokiti. Ni ina sama na manta ina sama, na saki hannu biyu zan yi tafi, igiyar Baba ta sake tuna mini.

Sauran aikin ba labari. Muka bi gangar jikin guntu-guntu daga sama, kowane guntu da igiyarsa, har na iya tsayawa a ƙasa ina yanka. Muna kan na ƙarshe ruwa ya sauko. Ba wanda ya gudu. Mama ta shiga rumfa ta yaye buhun da ta rufe injin, ta shafa shi ko'ina kamar mai duba yaro bayan faɗuwa. Oga ya juya hannun da ake tayar da shi. Ya yi tari sau biyu, ya tofar da hayaƙi, ya kama. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga bokitin wake yana leƙowa ta kan katanga a cikin ruwan, a bakin igiyar rijiya.

Da yamma muna zaune a barandar Mama, ni da Baba, jikar Mama ta shigo da kwano a rufe daga gidan Alhaji. Alale ne, har da ƙwai a ciki. Ta ce Hajiya ta ce a ba yaron nan mai kunya, wanda ko da ya juyo yana rataye bai yarda ya buɗe ido ba. Ta ce irinsa sun yi wuya a zamanin nan, kuma in Alhaji ya dawo za ta gaya masa.

Na karɓa da hannu biyu, na sunkuyar da kai yadda masu kunya ke yi.

Baba ya ciro tabarau ɗina daga aljihu ya ajiye mini a gwiwa. "Kunya ko?" ya ce.

"Baba, kowa da halinsa."

"Na ga halin yana gangarowa ta ƙafar wandonka."

"Ruwan sama ne."

"Lokacin ba a fara ruwa ba."

Na tura masa kwanon ya ɗauki mai ƙwai biyu, maganar ta tsaya a nan. Mama ta leƙo daga rumfa, hannunta duk ƙullun wake, ta ce in na gama cin ladan kunyata, gobe bayan coci akwai barkono ashirin da ke jiran wanda zai sake dasa su, da kwano ɗaya da za a miƙe. Ta koma ciki, don layin masu markaɗe ya kai lungu.